Tsakanin Zinariya da Azurfa: Rayuwar Thomas Jackson na Bankin Hong Kong da Faɗuwar Darajar Wuri a Kasuwar Jega

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi rayuwa da aikin Thomas Jackson (1841–1915), wanda ya jagoranci Bankin Hong Kong da Shanghai, wato HSBC, a zango uku tsakanin 1876 da 1902. An duba yadda ya raya bankin a zamanin da darajar azurfa ta yi ta zubewa har ta kayar da bankunan da suka girme shi, aka kuma bi sawun asarar da ya kauce wa domin a ga a kan wa ta sauka. Daga nan aka juyo gida, aka auna wannan da faɗuwar darajar wuri a ƙasar Hausa a daidai wancan zamani, musamman a kasuwar Jega, da kuma yadda sulen Ingilishi ya gaji wurin.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin kalmomin ciniki na Hausa ya san harshen bai manta da wuri ba. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, kuma dattawan da suka riski zamanin anini da kwabo suna kiran rabin kwabo "ɗari", saboda wuri ɗari ne canjinsa a lokacin da ya shigo. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, waɗannan kalmomi tabo ne na wata karayar kuɗi da ta ɗauki kusan shekara hamsin tana cin dukiyar mutane a hankali. Mu kan karanta wannan tarihi kamar a ƙasar Hausa kaɗai ya auku. Ba haka ba ne. A daidai shekarun da wuri ke lalacewa a Kano da Sakkwato da Jega, azurfa, wadda ita ce kuɗin Sin da Indiya, tana lalacewa a gaban zinariya, kuɗin Ingila. Bambancin shi ne, can akwai bankunan Turawa da suka zauna a kan gaɓar da kuɗaɗen biyu suke haɗuwa, suka bar littattafan lissafi da wasiƙu masu yawa. Ta cikinsu ana iya ganin abin da a nan sai dai a yi kirdadonsa: idan kuɗi suka faɗi, wa ke tsira, wa ke biya.

Babu ma'aikacin bankin da ya fi Thomas Jackson suna a wannan fage. Frank King, wanda ya rubuta tarihin HSBC a juzu'i huɗu, ya ba zamaninsa fili mai faɗi, kuma a kan irin bayanan da ya tattara ne masu nazarin bankunan Gabas suke dogara har yau.

2.0 Daga Ailan zuwa Gabas

An haifi Jackson a ranar 4 ga Yuni 1841 a Carrigallen da ke gundumar Leitrim ta ƙasar Ailan, ya tashi a gidan gonar danginsa kusa da Crossmaglen a gundumar Armagh. Ailan a lokacin tana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, don haka ɗan mulkin mallaka ne ta wata fuska, kuma ma'aikacinsa ta wata fuskar. Yana yaro ƙarami aka yi babbar yunwar da ta auka wa ƙasar daga 1845. A 1860 ya kama aikin akawu a reshen Bankin Ailan na Belfast. Bayan shekara huɗu ya karɓi aiki da bankin Agra, wanda ya tura shi Hong Kong.

Bai daɗe ba ya ga yadda banki ke mutuwa. A watan Mayun 1866 kamfanin hada-hadar kuɗi na Overend Gurney ya karye a Landan, girgizar ta iso Gabas, bankin Agra ya rufe ƙofa tare da wasu da dama. Jackson, yana ɗan shekara 25, ya koma wani sabon banki da bai kai shekara biyu da buɗewa ba. Thomas Sutherland, wakilin kamfanin jiragen ruwa na P&O, shi ya tsara kafa shi, aka buɗe a Hong Kong a Maris 1865, a Shanghai kuma wata guda bayan haka, da jarin dala miliyan 5. Waɗanda suka zauna a kwamitin kafuwar manyan 'yan kasuwar gaɓar Sin ne: Ingilishi da Jamusawa da Amurkawa, da 'yan Indiya mabiya addinin Farisa, da gidan Sassoon na Yahudawan Bagadaza. Ba laifi a faɗi abin da tarihin kamfanoni ke yawan ratsewa a kansa: da yawa daga cikinsu da cinikin ofiyam, ƙwayar mayen da aka yi yaƙi biyu don tilasta wa Sin karɓarta, suka tara dukiyarsu.

Jackson ya yi aiki a Shanghai da Hankow, ya riƙe reshen Yokohama na Japan a farkon shekarun 1870, inda ya auri Amelia Lydia Dare a 1871. A 1874 da 1875 bankin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi sakamakon zuba kuɗi a wasu masana'antu, ciki har da na sukari, waɗanda ba su haifar da ɗa mai ido ba. Aka kasa raba riba ga masu hannun jari, asusun ko-ta-kwana ya kusan ƙarewa. A cikin wannan hali aka damƙa masa ragamar bankin a 1876, yana da shekara 35.

3.0 Faɗuwar Azurfa

Domin a fahimci abin da Jackson ya yi, dole a fahimci rijiyar da sauran suka faɗa. Tsawon shekaru kafin 1873, canji tsakanin ƙarafan biyu bai cika motsi ba: awo ɗaya na zinariya daidai yake da awo goma sha biyar da rabi na azurfa. Sai Jamus, bayan ta ci Faransa da yaƙi a 1871, ta mayar da kuɗinta kan zinariya, ta shiga sayar da tsohuwar azurfarta. Amurka ta bi sahu a 1873, ga kuma ma'adinan Nevada suna ta aman sabuwar azurfa. Farashin oza ɗaya a Landan, wanda yake wajen kwabo 60 a 1872, ya gangaro zuwa wajen kwabo 24 a 1902. Dalar Hong Kong, wadda ta haura sule 4 a farkon shekarun 1870, ta koma wajen sule 1 da kwabo 7.

Ga misali don sauƙaƙawa. A ce banki ya karɓi ajiyar fam 1,000 a Landan lokacin da dala take sule 4. Ya canza ya sami dala 5,000, ya ba mai gonar gahawa bashi na shekaru. Kafin a biya, dala ta koma sule 3. Mai gona ya cika alkawari, ya kawo dala 5,000 cif. Amma yanzu fam 750 ne kawai, mai ajiya kuwa fam 1,000 yake bi. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ci amana, amma rubu'in kuɗin ya salwanta. Irin wannan, haɗe da basussukan gonakin gahawa na Silon da na rake na Morishiyas da suka maƙale, shi ya kayar da bankin Oriental a watan Mayun 1884, bankin da ya kasance mafi girma a duk Gabas. An farfaɗo da shi da sabon suna, ya sake faɗuwa a 1892.

Jackson ya gaji wata fa'ida da ba shi ya ƙirƙire ta ba. Hedikwatar HSBC a Hong Kong take, ba a Landan ba, kuma da dalar azurfa aka ƙidaya jarinsa. Don haka faɗuwar azurfa ba ta tilasta masa rage adadin jarin da ke rubuce a littafi ba, saɓanin abokan hamayyarsa da suka tara jari da fam suka zuba shi a ƙasashen azurfa. Abin da ya ƙara a kai shi ne horo mai tsanani, wanda za a iya kwatanta shi da ɗaurin mangala a bayan jaki: kowane ɓari ya ɗauki nauyin da ya yi daidai da na ɗan'uwansa. Kuɗin da aka karɓa da fam, a juya su a harkar da za ta dawo da fam cikin 'yan watanni, wato sayen takardun biyan kuɗin ganyen shayi da siliki da ke kan hanyar Landan. Kuɗin da aka karɓa da azurfa, a ba da su bashi da azurfa. Kada a kwana da rinjaye a ɓangare ɗaya da fatan canji zai gyaru gobe. Ribar da aka samu kuma ya riƙa ware wani kaso yana sayen takardun lamunin gwamnatin Birtaniya da shi, domin masu hannun jarin da ke Ingila da fam ake biyan su. Kafin ya sauka, asusun ko-ta-kwana, wanda ya tarar kusan fayau, ya zarce jarin bankin kansa, wanda ya kai dala miliyan 10.

Zamanin ma ya taimake shi. Buɗe mashigin Suez a 1869 da isowar wayar tangaraho gaɓar Sin a 1871 sun gajarta lokacin da kuɗi ke kwana a hanya, sun kuma karya ƙarfin manyan gidajen ciniki irin su Jardine waɗanda a da su ne bankunan kansu. Ƙananan 'yan kasuwa suka yawaita, kowanne yana buƙatar banki. Jardine ɗin da ya ƙi shiga a 1865 ya karɓi kujera a hukumar gudanarwa a 1877. Aka gina sabuwar hedikwata a 1886, aka buɗe reshe a Bangkok a 1888, wanda shi ne banki na farko a ƙasar Siyam.

Mutanen Hong Kong sun yi masa laƙabi da mai sa'a. A ganina laƙabin ya rage masa, ya kuma rufe wani abu. Ana yawan kawo cewa dukiyar bankin ta tashi daga dala miliyan 43 a 1876 zuwa miliyan 280 a 1902, ninki shida da rabi ke nan. Amma in aka mayar da adadin biyu zuwa fam bisa canjin kowace shekara, abin da za a samu shi ne daga wajen fam miliyan 8 da rabi zuwa wajen miliyan 22, bai kai ninki uku ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da wasu ke rufe ƙofa. Sai dai yana nuna cewa rabin labarin bunƙasar, labarin ƙanƙancewar mudun da aka auna ta da shi ne. Wanda ya taɓa jin an ce sadakin wance ya kai wuri zambar kaza a ƙarshen ƙarni na 19, ya kamata ya yi irin wannan tambaya kafin ya yi mamaki.

4.0 Kwamfarado

Jackson da ma'aikatansa Turawa ba su ne ke ƙirga azurfa ba, ba su ne ke sanin wane ɗan kasuwar Sin ya cancanci bashi ba. Wannan aikin wani ɗan ƙasa ne da ake kira kwamfarado, kalmar da ta samo asali daga harshen Fotugis da ma'anar mai saye. Shi ke ɗaukar dukkan ma'aikata 'yan ƙasa, shi ke tantance tsabar azurfa ta gari da ta jabu, shi ke kawo masu neman bashi ya kuma tsaya musu. Kafin a naɗa shi sai ya ajiye jingina mai nauyi ta kuɗi da filaye, wasu attajirai kuma su tsaya masa. In wanda ya kawo ya gudu da bashi, daga aljihunsa za a cire. A Shanghai, Xi Zhengfu ya riƙe wannan muƙami daga 1874 har rasuwarsa a 1904, ɗansa da jikansa suka gaje shi. Ta hannunsa bankin ke ba ƙananan bankunan gargajiya na 'yan ƙasa rancen 'yan kwanaki, ta nan kuɗin Turawa ke ratsawa cikin ƙasa inda Bature bai taɓa sa ƙafa ba.

Mai nazarin Hausa zai ga fuskar da ya sani a nan. Fatoma ko maigida a zango shi ke sauke baƙon falke, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya wa mai saye in an yi ciniki bashi, ya karɓi la'ada. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a nazarinsa na Sabon Ibadan. Amma kamannin yana da iyaka. A zango baƙo ne ke ƙarƙashin inuwar maigida da hukuncin alƙalin gari. A Shanghai kuwa, tun bayan yarjejeniyar Nanjing ta 1842 da waɗanda suka biyo ta, baƙon ne ke da kotunsa da jirgin yaƙinsa, ɗan gari ya zama yaronsa mai ɗaukar masa haɗari. Tsarin ba ya rasa ranar tsautsayi. A 1892 kwamfaradon hedikwata, Lo Hok Pang, wanda ya gaji mahaifinsa a muƙamin, ya ɓace ya bar bashi mai yawa. Wannan, da rikicin azurfa na 1893 lokacin da Indiya ta rufe gidajen buga rufi ga jama'a, suna cikin yanayin da ya sa aka sake kiran Jackson daga Landan ya karɓi ragama a karo na uku.

5.0 Bashin Daular Sin

Asarar da banki ya kauce wa ba ta narkewa a iska. Wurin da ta fi sauka a fili shi ne baitulmalin daular Sin. HSBC ya shirya wa daular rancenta na farko da aka sayar wa jama'a a 1874, gabanin hawan Jackson. A zamaninsa harkar ta zama ginshiƙi. A 1877 bankin ya samar da tayil miliyan 5, tayil kuwa ma'aunin azurfa ne mai nauyin wajen giram 37, domin ciyar da rundunar Janar Zuo Zongtang, wadda ke yaƙin sake kama yankin Xinjiang. Wannan runduna ce ta rushe daular Musulmi da Yakubu Beg ya kafa a Kashgar, birnin ya faɗi a ƙarshen wannan shekara. Jinginar irin waɗannan basussuka harajin kwastan na tashoshin ruwa ne, wanda ke hannun Robert Hart, shi ma haifaffen gundumar Armagh. Wato ɗan Ailan ne ke ba da bashin, ɗan Ailan ne ke riƙe da akwatin da za a biya daga ciki.

Bayan Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, an ɗora mata diyyar tayil miliyan 200, da ƙarin miliyan 30 na fansar yankin Liaodong, kuma da fam aka biya a Landan. HSBC tare da wani bankin Jamusawa suka shirya rance biyu, na 1896 da na 1898, kowanne fam miliyan 16. Ewen Cameron a Landan da Guy Hillier a Beijing su suka yi zirga-zirgar. A nan ne lissafin da aka kawo a sama ya juye. Bashin da zinariya aka rubuta shi, harajin da za a biya da shi kuwa da azurfa ake tara shi. Duk faɗuwar da azurfa ta ƙara yi, sai an ƙara yawan tayil kafin a cike fam ɗaya. Mangalar banki ta zauna daidai, ta daular ce ta karkace, daga ƙarshe kuma nauyin ya gangara kan mai biyan harajin gishiri da na kaya a kan hanya. Japan kuwa da wannan diyya ta kafa kuɗinta kan zinariya a 1897, ta fice daga rijiyar baki ɗaya.

Ba a zargin Jackson da ha'inci, kuma shaidar da mutanen zamaninsa suka yi masa ta cika alkawari ce da kyauta. Abin da ake nunawa shi ne ƙwarewarsa ta tsaya ne kan sanin inda haɗari yake da tabbatar da cewa ba a ɗakinsa ya kwana ba.

6.0 Jega da Wuri

Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega a wajajen 1820, bayan rikicin da ya kai ga mutuwar mahaifinsa a 1818, kuma ba ta da nisa da Gimbana inda jama'ar Abdussalami suka zauna kafin jihadi. A ƙarƙashin Gwandu garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Ayarin fataken goro da ke tafiya Gwanja ta Bargu suna yada zango a nan, ana haɗuwa da Nufawa da Yarabawa da Zabarmawa, ana cinikin tufafi da kanwa da gishiri da dabbobi da bayi. Ƙasar da a yau ta ƙunshi Aliero da Maiyama da Andarai a inuwar wannan kasuwa take, ita ke yanka wa amfanin gonarta farashi. Kuɗin da ake yankawa da su kuwa wuri ne.

Wurin nan ma daga tekun Indiya yake zuwa. Na asali, ƙarami mai tsada, daga tsibiran Maldib ake kawo shi, kuma shi ne ƙananan kuɗin Bengal kafin Ingilishi su kawar da shi. Kamar yadda Hogendorn da Johnson suka nuna a littafinsu na 1986, daga tsakiyar shekarun 1840 kamfanonin Hamburg, daga baya na Marseille, suka gano cewa ana karɓar wani nau'i mafi girma da araha da ake samu a gaɓar Zanzibar. Suka yi ta jibge shi a Legas da Wida, biliyoyi a kan biliyoyi. Abin da ma'adinan Nevada suka yi wa azurfa, shi jiragen Hamburg suka yi wa wuri. Clapperton ya tarar da liyari ɗaya, wato dalar azurfa, a kan wuri 2,000 a Kano a 1824. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya same shi 2,500 a 1851. Zuwa shekarun 1890 ya kai wajen 5,000. A lura cewa wannan faɗuwa ce a gaban azurfa, alhali ita kanta azurfar tana faɗuwa a gaban zinariya. Charles Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin yadda ya rasa yadda zai yi da dokinsa da ya kasa: in ya sayar, sai ya ɗauki 'yan dako goma sha biyar su ɗauki wurin, ladarsu kuma za ta cinye kuɗin kafin a yi nisa. Keso ɗaya, wuri 20,000, kayan mutum guda ne.

Ba a rasa dabarun kuɗi a ƙasar Hausa ba. 'Yan Gadamas mazauna Kano suna ba matafiyi wuri a kan takardar da za a biya a Tarabulus, kuma ta haka Clapperton ya ciyar da kansa. Fiƙihun Malikiyya ya haramta riba, ya kuma tanadi ƙiradi, inda mai jari ke ba falke dukiya su raba riba, in an yi asara ba da sakaci ba ta faɗa kan mai jarin. Wannan ƙa'ida kishiyar ta kwamfarado ce, domin ta ɗora haɗari a kan mai ƙarfi. Abin da babu shi ne wata ma'ajiya da za ta riƙe wa mutum darajar abin da ya tara. Saboda haka attajiri ya yi wa kansa irin abin da Jackson ya yi wa bankinsa, ya ƙi kwana da kuɗin da ke narkewa. Ya mayar da su riguna da dawaki da liyari da goro, da kuma bayi, waɗanda suke dukiya mai ɗaukar kanta a hanya. Wannan fuska ta cinikin bayi a ƙarshen ƙarni na 19 ta cancanci a ƙara duba ta: lalacewar wuri ta ƙara wa bawa daraja a matsayin kuɗin manyan ciniki. Wanda ya kwana da wuri shi ne wanda ba shi da abin da zai kai sayen doki: mai saƙa, mai kitso, mai koda, matar da ta bisne tukunyar wuri a ƙarƙashin gado don aurar da 'yarta.

7.0 Sule

Bankin Ingilishi na farko da ya zauna da gindinsa a ƙasar da ta zama Nijeriya, shi ma a kan azurfa aka gina shi. George Neville, wakilin kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a Legas, shi ya jawo aka buɗe banki a can a farkon shekarun 1890, sannan maigidansa Alfred Jones ya kafa Bankin Afirka ta Yamma ta Ingilishi a 1894, wanda a yau shi ne First Bank. Kamar Sutherland, dukansu mutanen jirgin ruwa ne. Babban abin da bankin ya riƙe shi ne izinin shigo da sababbin tsabar azurfa daga gidan buga kuɗi na Landan, shi kaɗai, yana karɓar la'adarsa.

A nan faɗuwar azurfa ta zama riba. Sule kwabo 12 ne a doka, amma a farashin farkon ƙarni na 20 azurfar da ke jikinsa ba ta wuce ta kwabo 5 ba. Ragowar ribar bugu ce, kuma baitulmalin Birtaniya ke cin ta, har sai da gardama a kanta ta kai ga kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Bayan cin Sakkwato a 1903, aka hana shigo da wuri, aka riƙa matsa wa jama'a su biya haraji da tsabar Turawa, aka fito da anini da kwabo masu huji a tsakiya daga 1907. Manomin ƙasar Jega da ke da wuri sai ya nemi ɗan canji kafin ya fuskanci mai karɓar haraji, kuma a lokacin haraji kowa sule yake nema. In rabin kwabo wuri 100 ne, sule ya zama 2,400 ke nan, kusan abin da Barth ya sayi liyari guda da shi shekara hamsin kafin nan, alhali liyari ya ninka sule wajen sau biyar a nauyi.

Jackson bai taɓa taka ƙasar Afirka ta Yamma don aiki ba. An ba shi lambar girma ta Sir a 1899, aka ƙara masa sarautar gado a 1902, shekarar da ya bar Hong Kong ya koma shugabancin kwamitin bankin na Landan. A ofishin bankin ya rasu ranar 21 ga Disamba 1915. Tun yana raye, a 1906, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a dandalin da ke gaban hedikwatar, kuma Matthew Nathan, tsohon gwamnan Gwalkwas, shi ya buɗe shi. Wanda ya gaji Nathan a gwamnan Hong Kong a 1907 shi ne Gwamna Lugga, wanda ya bar Zungeru shekara guda kafin nan. Ya yi shekara biyar yana fama da matsalar ƙananan tsabar azurfa da suka cika kasuwar tsibirin suka zubar da darajar juna, sannan ya dawo Nijeriya a 1912. A yaƙin duniya na biyu sojojin Japan sun kwashe gumakan dandalin domin a narke su. An gano na Jackson bayan yaƙin aka mayar da shi, kuma a yau shi kaɗai ya rage a wurin, na sarakunan Ingila duk an kawar.